Daga Normandi zuwa Alsas, a sawun mai kamfanin da yaƙi ya raba gida biyu

Duk wanda ka ce wa za ka Normandi, abin da zai fara zo masa a rai bakin tekun nan ne da sojojin Amurka da Birtaniya da Kanada suka sauka ranar 6 ga Yunin 1944, da maƙabartun sojoji masu fararen duwatsu a jere. Mu kam ba can muka nufa ba. Yayana, ɗan kawuna ne amma ɗaki ɗaya muka tashi, ya daɗe yana aikin auna rijiyoyin mai kafin ya ajiye ya zauna a gefen Faris, shi ya matsa lallai sai ya kai ni wani ƙauye da ake ce wa Crèvecœur-en-Auge in ga inda sana'arsu ta samo asali. Na ce Yaya ni fa ba injiniya ba ne, me zan gane a tsofaffin wayoyi? Ya ce kai dai taso, ai kai mai son labarin kasuwanci ne, akwai wani mutum, Marcel Schlumberger, da nake so ka san yadda ya riƙe kamfani lokacin da Jamus ta mamaye ƙasarsu.

Daga tashar Saint-Lazare muka hau jirgin ƙasa zuwa Lisieux, can muka ɗauki hayar mota. Garin Lisieux kansa in ka lura tsakiyarsa gine-ginen bayan yaƙi ne, don bama-baman 1944 sun ci yawancin tsofaffin gidajen katakon. Amma da ka fita gari sai ƙasa ta canza, ko'ina kore shar, itatuwan tuffa, shanu masu dabbare-dabbare da baƙi zagaye da ido kamar an sa musu tabarau, gidaje na katako da laka masu jirkitaccen rufi. Shawara ɗaya ga wanda zai je, in an miƙo maka ruwan tuffa a yankin nan ka tambaya tukuna, don mai kumfar nan da suke alfahari da shi giya ce, zallan ruwan daban yake kuma yana da daɗi sosai.

Gidan tarihin a cikin wani tsohon gidan sarauta yake, ruwa ya kewaye shi, akwai gada, da ɗan coci, da wani katafaren ɗakin tattabaru na katako wanda ni shi ya fara ɗauke min hankali. Anne, 'yar Conrad Schlumberger, ita ta saye wurin a 1970 aka gyara shi aka zuba kayan aikin mahaifinta da ƙaninsa Marcel. Waɗannan mutum biyun su suka kafa kamfanin Schlumberger, wanda tun 2022 yake kiran kansa SLB, kuma in dai ana haƙo mai a ƙasa da wuya ka rasa motocinsu masu shuɗin fenti a can.

'Yan Alsas ne, yankin gabashin Faransa da ke iyaka da Jamus, garin Guebwiller, an haifi Conrad a 1878, Marcel a 1884, a lokacin kuwa Alsas tana hannun Jamus tun bayan yaƙin 1870 zuwa 1871. Mahaifinsu Paul mai masaƙa ne, attajiri, amma ya tura 'ya'yansa maza Faris don su tashi Faransawa. Ka ga tun kafin a zo maganar kamfani, gidan ya san yadda ake kwana a ƙasa ɗaya a wayi gari a wata ba tare da an ɗaga ƙafa ba.

Yaya ya ja ni gaban wani akwatin katako, ƙarami, da maɓallan tagulla da allura a bayan gilashi, gefensa naɗin waya. Ya tsaya kamar wanda ya ga kabarin kakansa. Ya ce ka ga wannan, duk abin da na ci na sha na gina daga nan ya fito. Bayanin da ya yi min mai sauƙi ne, dutsen da ya jiƙe da ruwan gishiri yana barin wutar lantarki ta wuce salin alin, wanda ya jiƙe da mai kuwa yana tare ta, to in ka zura na'ura da waya cikin rijiya kamar yadda ake zura guga, kana auna yadda wutar ke wucewa a kowane zurfi, za ka iya zana takarda da za ta nuna maka ga inda mai yake ga inda ruwa ne kawai. Kafin wannan sai dai a yanko dutsen a fito da shi a duba, ga tsada ga ɓata lokaci, ga kuma wuce mai ba a sani ba. Conrad malamin kimiyya ne a makarantar ma'adinai ta Faris, shi ne mai tunanin, ya fara gwaji a bahon wanka a ƙarƙashin ginin makarantar, sannan a 1912 ya gwada a filin gidan danginsu na Val-Richer, nan kusa da inda muke tsaye. Marcel kuwa makaniki ne na gani da ido, shi ne mai mayar da tunani ya zama ƙarfe da za a iya ɗorawa a mota a kai daji bai lalace ba.

Yaƙin duniya na farko ya tsayar da komai. Conrad ya tafi a matsayin hafsan igwa, ɗan'uwansu Daniel ya rasu a 1915, shi Conrad ya dawo da ƙyamar yaƙi har ƙarshen rayuwarsa. A Nuwamban 1919 ne mahaifinsu ya rubuta musu yarjejeniya, zai zuba musu har faran 500,000 su ci gaba da bincike, da sharaɗin cewa ilimin shi ne gaba, riba tana baya. Ni da na ji wannan dariya na yi, na ce Yaya ai mai kuɗi ne kawai zai iya rubuta irin wannan sharaɗi. Ya ce haka ne, amma masu kuɗi nawa ka sani da suka rubuta?

Kamfanin ya tsaya da ƙafarsa a 1926 a Faris, a 1927 aka yi awon rijiya na farko, zuwa 1929 mutanensu suna Benezuwela da Amurka da Tarayyar Sobiyet, a 1934 aka buɗe reshen Houston a Teksas. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne tsarin da suka ɗauka. Ba sa sayar da na'urarsu, aiki suke sayarwa. Ba sa mallakar rijiya ko ɗaya, kuma abin da suka gani a rijiyar wani ba sa faɗa wa wani. Za su ɗauki saurayi da ya gama makarantar injiniya, su horar da shi, su ba shi mota da waya da ma'aikata biyu uku su tura shi ƙarshen duniya, can shi ne manaja shi ne akawu shi ne makaniki, in waya ta maƙale a rijiya da tsakar dare ba wanda zai tambaya, wasiƙa zuwa Faris sai ta yi makonni. Ba don yaƙi aka tsara haka ba, nisa ce ta tilasta, amma shi ne ya cece su daga baya.

Mun bi ta gefen Val-Richer da yamma, gidan har yanzu na dangi ne ba a shiga, sai dai ka hango bishiyoyi da rufi daga hanya. Muka tsaya a ƙauyen Saint-Ouen-le-Pin inda aka binne kakan mahaifiyarsu François Guizot, wanda ya taɓa riƙe gwamnatin Faransa, muka juya.

To ga inda labarin ya yi nauyi. Conrad ya rasu a Mayun 1936 a Stockholm, a hanyarsa ta dawowa daga Tarayyar Sobiyet, a daidai lokacin da gwamnatin Stalin ta fara kame mutane har da waɗanda suka yi aiki da kamfanin, kasuwar da ta riƙe su lokacin karayar tattalin arzikin duniya ta rufe. Kaya ya dawo kan Marcel shi kaɗai, mutumin da ya fi son teburin zane da ɗakin ƙere-ƙere a kan taron manajoji. Bai gama daidaita zama ba sai ga Satumban 1939, aka kira injiniyoyinsa Faransawa aikin soja daga ko'ina, har da Henri Doll mijin Anne wanda shi ne ƙwaƙwalwar bincike bayan Conrad. Yunin 1940 Jamusawa suka shiga Faris. Marcel yana da shekara 56.

Ka sa kanka a takalminsa, a'a, bari in ce ka zauna a kujerarsa ka duba. Hedikwatarka da ɗakin ƙere-ƙerenka da takardun mallakar fasaharka suna garin da abokin gaba ya kama, kuma abokin gaban nan ba abin da yake nema ido rufe kamar mai. Kuɗin da kake samu kuwa yawanci daga Teksas da Benezuwela da Tirinidad yake fitowa, wato ɓangaren da ke yaƙar wanda ya kama ka. A watan Yunin nan Amurka ta daskarar da dukiyar Faransawa da ke ƙasarta, dokar Birtaniya kuma tana ɗaukar duk kamfanin da ake juya shi daga ƙasar da aka mamaye tamkar na abokin gaba ne. Ma'ana in Marcel ya ci gaba da ba da umarni daga Faransa, umarnin nasa da kansa shi zai jawo a ƙwace rassan waje. In kuma ya tattara ya gudu, ya bar ma'aikatansa na gida da iyalansu da ɗakin ƙere-ƙere a hannun wanda ya ga dama.

Abin da aka yi shi ne aka raba. A 1940 ragamar ta koma Houston, inda Eugène Léonardon, tsohon ma'aikacinsu tun farkon fari, yake riƙe da reshen Amurka. Jean de Ménil, mijin Dominique ɗaya 'yar Conrad ɗin, wanda ya baro Romaniya, shi ya karɓi ayyukan Kudancin Amurka yana zirga-zirga tsakanin Tirinidad da Benezuwela. Doll ya samu ya fice ya isa Houston. Shi kuwa mai kamfanin ya zauna a Faransa, ya janye abin da ya rage na ofis da mutane zuwa kudu, wani ɗan gari Clairac a yankin Lot-et-Garonne, yana ta zane-zanen na'urori da ba shi da rijiyar kirki da zai gwada su, yayin da can ƙetaren teku ake yanke shawara da sunansa ba tare da an tambaye shi ba.

A nan muka yi musu da Yaya, a wani ɗan gidan cin abinci a Cambremer, har mai wurin ta leƙo ta ga ko faɗa muke. Shi a ganinsa taurin kai ne irin na tsofaffi, ya ce shugaba inda aiki yake nan yake zama, da Marcel ya bi su Houston da an kauce wa duk rigimar da ta biyo baya. Na ce Yaya ka yi haƙuri amma ban yarda ba. Na ga masu kamfani da yawa da ko asibiti aka kwantar da su sai an kai musu cak su sa hannu a kan gado, ba su yarda ko ɗan cikinsu ya sayi fetur ba da izininsu ba, irin waɗannan in hanya ta yanke tsakaninsu da shago kwana kaɗan shagon ya mutu. Mutumin nan ya saki abin da ya gina da hannunsa ga surukan gidan da wani ma'aikaci, ya ɗauki ɓangaren da ba riba sai hatsari ya riƙe. Kuma sakin ya yiwu ne don tun shekaru goma sha kafin nan ya saba wa yaransa da yanke hukunci su kaɗai a bakin rijiya. Yaya ya ce to ai wannan ba jarumtar lokacin yaƙi ba ce, shirin da aka yi ne tun ana zaman lafiya. Na ce yawwa, abin da nake faɗa kenan tun ɗazu. Ya harare ni ya ce ci abincinka.

Daga nan sai gabas. Muka koma Faris muka kama jirgin nan mai gudu daga Gare de l'Est zuwa Strasbourg, ƙasa da awa biyu, sannan ƙaramin jirgi da ke bi ta Haguenau ya sauke mu a Soultz-sous-Forêts. Merkwiller-Pechelbronn ƙauye ne shiru, gidaje masu furanni a taga, ba za ka taɓa cewa a nan aka yi ɗaruruwan shekaru ana kwasar mai ba sai ka ga tsohon famfon rijiya an kafa shi a gefen hanya, da tuddan ƙasar da aka fito da ita daga rami waɗanda yanzu ciyawa da bishiyoyi suka rufe. Man nan da kansa yake tsattsafowa a cikin daji, har ana ba da labarin cewa aladun daji da ke birgima a ciki su suka fara nuna wa mutane. Daga 1917, lokacin wurin yana hannun Jamus kuma yaƙi ya sa ana ƙishirwar mai, aka koma haƙa ramuka mutane suna shiga ƙarƙashin ƙasa suna tara man da ke ɗiga daga yashi. A ɗan gidan tarihin man fetur da ke ƙauyen akwai fitilun masu shiga ramin da kwalaben ɗanyen mai, baƙi ƙirin mai kauri, na karkata kwalba ɗaya sai da na ƙirga a raina kafin ya motsa.

A wata rijiya kusa da ƙauyen Dieffenbach ne, ranar 5 ga Satumban 1927, Doll da abokan aikinsa biyu suka zura na'urar karon farko. Ba wai tana tafiya tana rubutu ba ne irin na yanzu, a'a, a tsaya a auna a rubuta da hannu, a ja sama kaɗan a sake tsayawa, haka har aka gama, sannan aka haɗa ɗigo-ɗigon a takarda. Yaya ya tsaya a bakin gona yana ta nuna min da hannu yadda za a ce motar ta tsaya, ni dai masara nake gani. Abin da ya fi tsaya min shi ne a 1940 wurin nan ya sake komawa hannun Jamus, aka mayar da Alsas tamkar yankinta, daga 1942 aka riƙa tilasta wa samarin Alsas da maƙwabciyarta Moselle shiga sojan Jamus, kusan mutum 130,000, sannan ranar 3 ga Agustan 1944 jiragen Amurka suka yi wa matatar Pechelbronn ruwan bama-bamai. Wato rijiyar da aka haifi sana'ar tana ba ɓangare ɗaya mai, kamfanin da aka haifa a cikinta yana nemo wa ɗaya ɓangaren man da jiragen suka sha suka zo. An lallaɓa matatar bayan yaƙi har zuwa 1970 aka rufe.

Tunda mun zo kusa sai muka leƙa Schoenenbourg, ɗaya daga cikin manyan sansanonin ƙarƙashin ƙasa na layin Maginot, jerin shingayen tsaron da Faransa ta gina a iyakarta da Jamus. Kusan mita 30 a ƙasa, doguwar hanya mai layin dogo, ɗakin girki, ɗakin jinya, injinan wuta, ga sanyi mai shiga ƙashi ko da rani ne, ku tafi da rigar sanyi. An yi masa luguden wuta sosai a Yunin 1940 bai faɗi ba, sojojin ciki ba su fito ba sai da manyansu suka aiko musu da umarni bayan an riga an sa hannu a takardar tsagaita wuta. Ginin ya yi aikinsa, ƙasar ce ta faɗi ta wata hanyar.

A jirgin komawa Yaya ya ƙarasa min ɓangaren Houston, wanda shi ya fi so. Doll bai zauna ba, a 1941 aka kafa wani ƙaramin kamfani daban mai suna Electro-Mechanical Research don aikin yaƙi, suka ƙera na'urar gano nakiya da ake ɗaurawa a gaban motar jif, tana jin ƙarfe a cikin ƙasa ba tare da ta taɓa shi ba. Wannan dabarar ta auna abu daga nesa da naɗin waya ita ya juya bayan yaƙi ta zama sabuwar na'urar awon rijiya, wadda ke aiki ko a rijiyar da aka haƙa da taɓo mai haɗin mai, inda tsohuwar hanyar ba ta iya komai don wuta ba ta ratsa shi. Yaya ya ce jikokin wannan na'urar ya yi ta zurawa duk tsawon aikinsa. Su kuma na Benezuwela da Tirinidad ba hutu suke ba, man tafkin Maracaibo shi ake tacewa a tsibiran Aruba da Curaçao, har jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya kai wa Aruba hari a Fabrairun 1942. Cikin ganga kusan biliyan 7 da ƙawancen ƙasashen da ke yaƙar Jamus ya sha a yaƙin, kusan biliyan 6 daga Amurka suka fito, to ka ga irin aikin da ya sauka a kan reshen Houston.

Sai dai gaskiyar Yaya a wuri ɗaya, sakin ragama yana da farashi. Da aka gama yaƙi Marcel ya tarar ɗan da ya bari ya fi uban girma, Houston ce mai kuɗi mai motoci mai mutane, Faris kuwa sai a fara daga tushe, kuma mutanen da suka yi shekara biyar suna cin gashin kansu ba sa son a dawo ana ce musu yi kaza bari kaza. Bai yi ƙoƙarin mayar da hannun agogo baya ba. Ɗansa Pierre ya karɓi reshen Amurka, Doll ya samu cibiyar bincikensa a Ridgefield ta jihar Connecticut a 1948, de Ménil ya ci gaba da nasa yankin, shi Marcel ya zama igiyar da ta ɗaure su, yana kai da kawowa yana sasanta ɗa da surukai. A 1951 ya ɗauko wani saurayi daga harkar banki, Jean Riboud, wanda ya yi gwagwarmayar ƙin mamaya har Jamusawa suka kai shi sansanin gwale-gwale na Buchenwald ya fito da rai, ba injiniya ba kuma ba ɗan gida ba, ya ajiye shi kusa da shi. Wannan saurayin shi ya zo ya shugabanci kamfanin gaba ɗaya daga 1965.

Marcel ya rasu a Val-Richer a 1953 bai ga an ɗinke ɓarakar ba. Sai a 1956 magada suka haɗa rassan a ƙarƙashin uwa ɗaya, Schlumberger Limited, Pierre a kan kujera. Na tambayi Yaya to a ina aka yi mata rajista, Faris ko Houston, wa ya ci? Ya ce ko ɗaya, a tsibirin Curaçao aka yi.